Ƙonannen Kajiji

SHAFI NA 9

Sallama ga mutanen gidan nan, manya da ƙanana.

Na ji saƙonninku. Da mai cewa tsohon nan ya cika jan rai, da wani yaro da ya ce wai ƙarya nake, hanci ba ya tuna abin da ya shekara arba'in. Naka hancin ne ba ya tunawa, ɗana. Nawa daban ne.

Ni ne Halliru na Roni. Ban taɓa zama a aji ba, wayar nan ma magana nake mata tana rubutawa. Amma ka rufe mini ido ka jera turare ashirin, zan gaya maka kowanne da abin da aka zuba masa. Mota ta kife da ni sau biyu. Sanƙarau ya kwantar da ni ya tashi ya bar ni. Mu goma gyatumarmu ta haifa, yau ka tambayi kowa a Roni zai ce maka ni kaɗai na saura.

Ga wanda bai biyo mu ba. Wata ƙaramar kwalba ce ta hana ni sukuni. Turaren maza ne mai ƙamshin ud, itacen nan na Larabawa mai tsada, amma shi wannan kuɗinsa bai fi na cin abinci sau biyu a tasha ba. Ba suna a jikinsa, sai jan zare a wuyan kwalbar. Direbobi Ɗan Babura suke ce masa. A jikin wani direba na fara jin sa, na tsaya cak, don a can ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu da hannu ɗaya tak na san yana yi a duniya. Na bi sawu har shagon Nicodemus a Kazaure, shi ke sarowa. Jiya na tsaya inda ya yarda ya goya ni a mashin zuwa Babura, gidan da ake haɗawa.

To mun iso.

Bayan kara, kasuwar dabbobi, gidan yake. Rana ta take, shanu na kuka, ƙura da warin kashin awaki ko'ina. Amma tun daga bakin lungu na ce,

"Niko, tsaya. Ga gidan can mai koren ƙyaure."

Ya waiwayo. "Baba Halliru, ka taɓa zuwa ne?"

"Hancina ya riga mu isa."

"Wannan hanci naka, da gwamnati ta sani da ta ɗauke shi aiki a kan iyaka."

"Ba za ta iya biyansa ba."

A soro muka same ta. Mace ce da za ta yi talatin da biyar, doguwa, da hijabi ruwan toka ta naɗe hannuwansa. Gabanta faranti ne cike da ƙananan kwalabe, tana ɗura musu mai da sirinji. Gefe guda wata ƙofa ce ta ɗakin soro, an saki asabari.

"Maman Musaddiƙ, sannu da aiki," in ji Niko. "Yau baƙo na kawo miki. Babana ne na Roni."

"Oga Niko, kai da na ce sai sati mai zuwa?" Ta shimfiɗa mini tabarma, ta russuna. "Sannu da zuwa, Baba. An sha hanya."

"Hanyar me? Ni da na taka Roni zuwa Magarya da ƙafa, da kaya a kaina."

Ta yi murmushi ta miƙo mini ruwa a kofin silba. Na karɓa na ajiye.

"Yaya sunanki, 'yata?"

"Bahijja."

"Ke kike haɗa wannan?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Dozin nawa za a ba ka, Baba?"

Kun ji fa. Na yi tambaya, ta amsa mini da ciniki. Nan na san yarinyar nan ba a banza ta tashi ba.

"Ban zo saye ba. Kallo na zo."

"Turare ai ba a kallonsa."

"To miƙo in gaisa da shi."

Ta ɗiga mini a bayan hannu. Ban kai hanci ba. Wannan shi ne kuskuren yaran yanzu, ana ɗigawa sai su kai hanci kamar akuya ta ga dusa. Turare baƙo ne, sai ya zauna ya huta kafin ya gaya maka daga inda ya fito. Na murza, na bar shi ya sha ɗumin fata. Na tambaye ta yara, na tambaye ta kasuwa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na talaka ne, Baba. Direba ya shafa, malamin firamare ya shafa, angon da ba shi da ƙarfi ya shafa ya shiga cikin mutane ba a san bambanci ba. Mutanen Nijar ma suna zuwa da sefarsu su ɗiba."

"Ud kuma da araha haka?"

"Albarka ce."

"Albarka tana da hanya. Wace hanya ta biyo?"

"Wannan kuma sirrin sana'a ne."

Niko ya yi dariya. "Shekara uku ina tambayarta, Baba. Har matata Juliana na turo ta yi mata wayo irin na mata, ta dawo da kwalba biyu kyauta ba sirri."

"Ba ka iya tambaya ba ne. Matsa."

Sai a lokacin na kai hannuna hanci.

"Ud ɗin nan na kanti ne," na ce, "na Kano, mai arahar. Kuma bai fi kashi ɗaya cikin goma ba."

Ta ci gaba da ɗura kwalbarta. "Kowa zai iya cankar wannan."

"Akwai sandal kaɗan, don ya yi laushi."

"Uhm."

"Akwai saiwar jema. Ba ta kasuwa ba, ta fadama, wadda aka tono da rani."

Sirinjin ya tsaya.

"Baba, kai ma ɗan sana'a ne ashe."

"Ni ne sana'ar. Saura ɗaya."

"Ba saura."

"Akwai. Shi ne ya ɗauki nauyin duka. Shi ya sa mutum zai rantse tsohon icce ne ya sha shekaru, alhali ud ɗin ɗigo ne. Shi ya sa kike iya sayarwa da araha ba ki faɗi ba."



"Kajiji ne," na ce. "Kuma ƙonanne."

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Kajiji 'yar saiwa ce mai ƙamshi, mata sun san ta a turaren wuta. A ƙa'idar gidanmu, in an wanke shi sai ya kwana uku a inuwa ya bushe ƙarau, sannan a ɗan gasa shi sama-sama a kasko don ya buɗe, a daka, a jiƙa a mai. Wanda ya yi gaggawa ya zuba shi a kasko da danshinsa, bayan zai ƙone, cikin yana ɗanye. Sai ya ba da hayaƙi-hayaƙi, da wani ƙamshi kamar ƙasar da aka yi wa yayyafin farko. Duk mai haɗa turaren da ya san kansa zubarwa yake. Ɓarna ce.

Bahijja ta ajiye sirinjin a faranti a hankali.

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ƙonanne ne. Da danshinsa aka gasa shi."

"Sake faɗa."

"Kunnenki ƙalau, 'yata. Wa ya koya miki?"

Ta dubi asabarin nan, ta dawo da ido kaina. Ta dubi goshina, ta dubi kunnuwana, kamar mai taya sa a kara.

"Daga wane gari Oga Niko ya ce kake?"

"Roni."

"Sunanka fa?"

Ni da ko gaban alƙali ban taɓa jinkirin faɗin sunana ba, sai ga ni ina neman hanyar korar Niko.

"Niko," na ce, "je ka duba mashin ɗinka, garin nan da baƙi."

"Mashin lafiyarsa lau, Baba. Na sa masa kwaɗo biyu."

"To je ka sha iska."

"Ai ga iska nan tana shigowa." Ya gyara zama a kan benci.

Ɗan banzan yaro. Tun yana rarrafe a shagon ubansa na san shi, bai taɓa barin labari a tsakiya ba.

To jama'a, a nan dole in tsaya in gaya muku abin da na ɓoye muku tun shafi na ɗaya. Ba wanda ya matsa mini. Namiji ne kawai ke iya faɗin irin wannan da bakinsa, ku rubuta ku ajiye.

Autanmu sunansa Ashiru. Shi ne na goma. A shekarar yunwar nan, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, na ɗauke shi muka tafi Magarya, can cikin Nijar, neman abin da za mu kawo gida. Yana da sha bakwai. Gyatumarmu ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, Halliru, ga amanar autana. Na ce Inna ko kura ba ta isa ba.

A can wani attajiri ya ba mu aikin turare. Ɗan ud ɗin da ya rage mana a duniya na zuba a aikin nan. Na bar wa Ashiru kajiji na ce ya jira ya bushe, na tafi neman kwalabe. Yaro da rawar kai, yana so in dawo in tarar ya gama in yaba masa. Ya gasa shi da danshinsa, ya daka, ya juye a cikin man gaba ɗaya.

Da na dawo tun daga ƙofa na ji.

Na mare shi a gaban mutane. Na ƙara. Na ce ya kashe mu. Na ja shi har tasha na ce daga yau ba ni ba shi, in ya biyo ni ban yafe ba. Na ɗauki tulun man na juya. Ina jin sa yana cewa Yaya, Yaya. Ban waiwaya ba. A lokacin zuciyata wuta ce, ko ruwan dam ɗin Kazaure ba zai kashe ta ba.

Na ɗauka zai bi wata motar ya riga ni gida. Na iso Roni, ba shi.

Inna ta ce ina autana.

Me zan ce? In ce na yar da amanarki a tasha saboda kajiji?

Na ce amai da gudawa ya kama shi, kwana biyu ya cika. Na ce da hannuna na sa shi a ƙasa.

Aka yi zaman makoki. Aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Ni na zauna a tabarma ina karɓar gaisuwa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Man nan da na ce an ɓata, na rufe shi na jefa ƙarƙashin gado. Bayan wata biyu na buɗe don in zubar. Wallahi ban taɓa jin abu mai kyau irinsa ba, kafin nan da bayan nan. Da shi na yi suna. Har daga Daura ake aiko a saya. Da ya ƙare na gwada sakewa ya fi sau ɗari, ko ya ƙone duka ko ya ƙi ƙonewa. Hannun yaron ne ya san daidai lokacin da ake sauke kaskon, shi ma bai san ya sani ba.

Na koma Magarya sau biyu a ɓoye. Ba wanda ya san inda ya yi. Inna ta shekara biyu ba ta ƙara cin abincin kirki ba, ta bi shi inda take zaton yake.

Shi ke nan. Ko matata har ta rasu ba ta san wannan ba. Ku kuka fara ji.

Mu koma soro.

"Sunana Halliru," na ce.

Bahijja ba ta firgita ba. Ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani.

"Na ɗauka za ka fi haka tsawo," ta ce.

"Na fi haka. Shekaru ne suka ranƙwasa ni. Wa ya ba ki labarina?"

"Wanda ya koya mini gasa kajiji."

"Wane ne?"

"Babana."

"Sunansa?"

"A nan garin Malam Na-Magarya ake ce masa."

"Sunan yanka nake tambaya."

"Ka san shi, Baba. Da ba ka san shi ba da ba ka hau mashin tun daga Kazaure da wannan shekarun ba."

Niko ya dube ni, ya dube ta. "Wai me ake ciki ne? Maman Musaddiƙ, kun san juna?"

Ba wanda ya kula shi.

"Shekara goma sha biyu ina wannan haɗin," ta ce. "Masu turare sun zo daga Kano, daga Zinder, sun shinshina. Wani ya ce icce ne daga Sudan. Wani ya ce tsohon ud muke samowa ta bayan fage. Kowa cewa yake ya yi daɗi. Ranar da Baba ya miƙa mini kaskon ya ce, Bahijja, duk duniya mutum ɗaya ne zai shinshina wannan ya kira shi ƙonanne. In ya zo za ki gane shi."

"Ya ce zan zo?"

"Ya ce hancinka ba zai bar ka ba. Shi ya sa ya hana a sa masa tsada. Na sha yi masa magana, na ce Baba abin nan ya fi kuɗinsa, mu sa masa suna da kwali mu ƙara. Ya ce a'a. Turare mai tsada a ɗakin masu kuɗi yake kwana. Mai araha shi ke shiga mota, ya shiga kasuwa, ya shiga sahun masallaci. Ya ce bar shi ya yi yawo, wata rana zai je Roni."

Jama'a, ni da nake taƙamar na bi sawu. Ashe ƙugiya aka jefa mini, shekara goma sha biyu tana cikin ruwa.

Amma ku lura, ba kowane kifi ne zai gane wannan ƙugiyar ba. Sai ni.

"To me ya hana shi zuwa da ƙafarsa?" na ce. "Roni ba Makka ba ce."

"Ya je."

"Yaushe?"

"Shekara uku bayan ka bar shi. Sai da ya yi dako, ya yi kiwon awakin wani Buzu, ya tara abin da zai shiga gida da shi ba kunya. Ya sayi turmin atamfa na Inna. A bakin gari ya tsaya shan fura wurin wata Bafillatana, ya tambaye ta gidanku kamar baƙo. Ta ce ai tsohuwar ta rasu bara, tun da autanta ya mutu a Nijar ba ta ƙara lafiya ba."

Ta ci gaba.

"Ya biya kuɗin furar ya juya. Atamfar tana nan a akwatinsa, ko ɗinkawa ba a yi ba."

Niko ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Yaron da bakinsa ba ya rufuwa.

"Muna yara," ta ce, "in sallah ta zo kowa ya tafi gidan kakanninsa, sai mu ce Baba mu ina danginmu? Sai ya ce mamaci ba shi da dangi. Mu yi ta dariya, mun ɗauka wasa ne."

"'Yata..."

"Bahijja dai."

"Ni baffanki ne."

"Ban sani ba tukuna."

Ban taɓa jin an mare ni da magana mai sanyi haka ba. Kuma ko ɗaga murya ba ta yi ba. Jininmu ne, ba shakka. Haka Inna take yi.

Akwai tambaya ɗaya da tun shigowata nake ta kauce mata. Duk maganar da take, ya ce, ya hana, ya je. Ban gane ba, labarin mai rai ake ba ni ko na wanda ya riga mu. Na ji tsoron tambaya. E, ni Halliru. Na fi son mota ta sake kifewa da ni a karo na uku.

"Yana..." na ce. "Malam ɗin. Yana ina yanzu?"

Ta ɗauki sirinjinta ta goge bakinsa da tsumma.

"Shekara biyu ke nan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Idon ma ya yi rauni. Amma har yau in zan gasa kajiji sai na kai kaskon ƙofar ɗakinsa, shi ke cewa sauke."

"Wane ɗakin?"



 Bayan asabarin nan na ji gadon ƙarfe ya yi ƙara, irin ta wanda ke yunƙurin tashi zaune. Aka yi tari sau biyu.

Na dafa ƙasa zan miƙe.

"Zauna, Baba," in ji Bahijja. "Bai ce ka shiga ba."

Na zauna. Ni da hakimi ma sai ya ce mini bismilla sau biyu.

Sai muryar ta fito. Ta tsufa, ta dushe, amma ko cikin kasuwar shanu na ji ta zan gane.

"Bahijja."

"Na'am, Baba."

"Ya sha ruwa?"

Ta dubi kofin. "Bai sha ba."

"Ce masa ya sha. Hanyar da nisa."

Na ɗauki kofin, na kai baki, rabin ruwan a rigata ya ƙare.

"Ashiru," na ce. "Auta. Ni ne."

Ba ni ya amsa wa ba.

"Bahijja."

"Na'am."

"Ni ba na magana da masu rai, ke za ki tambayar mini shi."

"Me zan tambaye shi, Baba?"

"Tambaye shi a ina ya binne ni. Ina so a kai ni in ga wurin."